Kwana goma a gaɓar tekun Antalya: waɗanne wasanni suka dace da iyalina, kuma a wane wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai shekara 46. Nakan je Istanbul saro kaya, amma ban taɓa wuce kasuwa da masauki ba. Bana ina so in kai maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 16 da mai 13, gaɓar tekun Bahar Rum ta wajen Antalya, mu yi kwana goma a watan Agusta. Ba ma son zaman otal kawai. Yaran sun ga bidiyon masu shawagi da lema daga kan tsauni sun matsa mini, ni kuwa abin tsoro yake ba ni. Ban iya ruwa sosai ba, maiɗakina ma haka. Me ya dace mu yi, me kuma za mu kauce wa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka yi kyakkyawan tunani, kuma wurin da ka zaɓa ya dace da abin da kake nema. Na yi shekaru ina zirga-zirga a wannan gaɓa tsakanin Fethiye da Antalya, na taka mafi yawan hanyoyin ƙafarta, na yi nutso a ruwanta, na kuma raka iyalai irin naka. Abin da zan fara gaya maka shi ne, lemar da kake tsoro ba ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin tsarinka ba. Abu biyu ne suka fi damuna, kuma duka biyun ka ambace su a wuce: watan Agusta, da rashin iya ruwa.

Bari mu fara da watan. Mutanenmu sukan ce mini, ai mu da muka sha ranar Sakkwato da ta Maiduguri, wane zafi ne zai ba mu tsoro a Turkiyya? Zafin namu na bazara busasshe ne. Gumi yana fita, iska tana shanye shi, jiki yana samun sanyi ta wannan hanyar ko da ma'auni ya kai 42. A Antalya a watannin Yuli da Agusta, ma'auni yakan tsaya wajen 34 zuwa 35 da rana, wasu ranaku ya haura 40, amma iskar cike take da danshin teku, don tsaunukan Toros sun tokare garin ta baya sun hana ta wucewa. Gumi zai jiƙa ka sharkaf ya ƙi bushewa. Ka haɗa ranar Sakkwato da danshin Fatakwal, sannan ka ɗora wa mutum hawan farin dutse mai mayar da zafi, babu inuwa, ka ga abin da nake nufi. A gida ma idan rana ta take babu mai hawan Dala don nishaɗi, kowa gindin bishiya yake nema.

Ni kaina na taɓa ganin iyakata a kan wannan. A wani watan Yuni na tashi daga Adrasan zan bi ta hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Gelidonya in sauka Karaoz, tafiyar da ta haura kilomita 20, ɗauke da lita uku na ruwa. Kafin azahar sun ƙare. Kai ya fara sara, jiri ya biyo baya, na lura gumin ma ya ragu, wanda shi ne alamar da ta fi muni. Na kwanta ƙarƙashin wata bishiya fiye da awa biyu har wasu matafiya suka iso suka ba ni ruwa. Tun ranar ban sake saka kowa a doguwar hanya a tsakiyar bazararsu ba. Ga kuma gobarar daji: wadda ta tashi a Manavgat, gabas da Antalya, a ƙarshen Yulin 2021 ta cinye daji mai yawa da ƙauyuka, kuma tun daga nan hukumomi sukan hana shiga dazuzzuka da yawa a watannin zafi. Kana iya zuwa ka tarar hanyar da ka zo dominta a rufe take.

Saboda haka idan da hali, ka sauya watan. Lokutan da suka fi su ne Afrilu zuwa Mayu, da kuma ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. A wurina Oktoba ne sarki: rana ta yi laushi, teku kuma yana riƙe da ɗumin bazara, wajen 24 zuwa 25 a ma'auni, jama'a sun ragu, farashin masauki ya sauka. A watan ne ma ake bikin masu shawagi da lema na duniya a Oludeniz, wani garin bakin teku kusa da Fethiye. Matsalarsa yara suna makaranta. Hutun da ake yi a Afrilu shi ne mafita ga mai 'yan makaranta: tsaunuka sun yi kore shar, furanni ko'ina, ƙoramu na gudu, kan manyan tsaunuka kuma da sauran dusar ƙanƙara. Sai dai teku da sanyi a lokacin, wajen 17 zuwa 18, ba a daɗewa a ciki sai da rigar roba. Hutun Disamba kuwa damina ce a can, don ruwansu daga Nuwamba zuwa Maris yake sauka. Idan kuma Agustan ne dole, to ku ɗauki tsarin manomi: a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin ƙarfe goma, a huta har la'asar, a bar doguwar tafiyar ƙafa kwata-kwata, a mai da hankali kan kogi da teku da kan tsauni inda ake da sanyi. Mutanen ƙasar ma haka suke yi. Makiyayansu da ake kira Yoruk tun kaka da kakanni suke kwashe awaki su hau tudun da suke kira yayla idan zafi ya shigo, su sauko gaɓa da hunturu, kamar yadda Fulaninmu ke tafiya cin rani.

Yanzu ga maganar lemar. Wurin da yaranka suka gani a bidiyo kusan tabbas Oludeniz ne, kusa da Fethiye. Tsaunin da ake tashi daga kansa sunansa Babadag, tsayinsa mita 1,969, kuma yana tsaye ne kai tsaye a kan teku, shi ya sa ya yi suna a duniya. Akwai wuraren tashi a matakai daban-daban, daga wajen mita 1,200 har zuwa 1,900, ana zaɓa gwargwadon iskar ranar. Ana hawa da ƙaramar bas, tafiyar wajen minti 40 a kan hanya mai kwane-kwane, ko da motar igiya da suke kira teleferik, wadda aka buɗe a 2021. Baƙo ba ya tashi shi kaɗai. Ana ɗaure shi ne a kujerar madauri a gaban ƙwararren matuƙi, su biyu a lema ɗaya, da wata lemar ko-ta-kwana a naɗe. Aikinka ɗaya ne tak: idan matuƙi ya ce a ruga, ka ruga, kar ka zauna, kar ka yi tsalle, ka ci gaba da gudu har ƙafarka ta daina taɓa ƙasa. Yawancin ƙananan raunukan da ake samu a wurin tashi daga fasinjan da ya zauna da wuri ne. Bayan nan zama ne kamar a kujera, minti 25 zuwa 40, har ku sauka a bakin teku.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Ana samun hatsari, wani lokaci har da rasa rai. Amma dalilan sanannu ne, kuma mafi yawansu kana iya rage su da kanka: tashi a iskar da ba ta dace ba don kar a mayar da kuɗi, matuƙin da ya gaji saboda yawan sawu, gaggawa wajen ɗaure madauri, da wasan jujjuyawa a sama don burge fasinja. Don haka ka nemi tashin safe, lokacin da iska take kwance. Da tsakar rana dutse ya ɗau zafi, iska mai ɗumi tana tasowa tana girgiza lema, matuƙa suna son ta amma cikin baƙo ba ya so. Ka je ofishin kamfanin da ƙafarka, ka nemi ganin lasisin matuƙi da takardar inshorar fasinja, kar ka saya a hannun mai talla a bakin titi don ya rage maka. Ka tambaye su: idan iska ta ɓaci, kuna ɗagawa ko kuna mayar da kuɗi? Wanda ya ce maka su kullum suna tashi, ka bar wurinsa. A kan tsauni ka tsaya ka ga an duba madaurin cinya da na ƙirji na kowane yaro, ka kuma gaya wa matuƙi a fili ba ka son jujjuyawa. A yi cinikin kuɗin hoto da bidiyo tun a ƙasa, don daban ake cajinsa. Takalmi rufaffe mai igiya, da rigar sanyi, don a can sama akwai sanyi ko da ƙasa na tafasa. Akwai iyakar nauyi, yawanci wajen kilo 100 zuwa 110. Yaranka biyu sun isa, da sa hannunka. Idan Hajiya tana so, akwai matuƙa mata, amma kaɗan ne, sai an nema tun da wuri. Ta sa wando mai faɗi da doguwar riga da ƙaramin hijabi da zai shiga ƙarƙashin hular kwano, don babban mayafi yana iya sarƙewa da igiyoyi. Kai kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba, babu dole. Ka hau teleferik ka ga tashinsu, ka sauko ka tarye su.

Ruwa shi ne inda nake so ka fi sa ido. Tekun nan yana yaudarar wanda bai saba ba, saboda garau yake kamar gilashi, ka hango duwatsun ƙasa ka ɗauka iya ƙugu ne alhali ya fi tsayinka sau biyu. A bakin tekun Konyaalti da ke cikin Antalya, da na Belcekiz a Oludeniz, tsakuwa ce, kuma taku kaɗan ƙasa take zurmawa. Gishirin gabashin Bahar Rum yana da yawa, wajen giram 39 a kowace lita, don haka jiki ya fi saurin tasowa sama fiye da a kogi ko dam, amma wannan ba ya ceton wanda ya firgita ya shaƙi ruwa. Wurin da mutanenmu suka fi shiga matsala shi ne yawon jirgin ruwa na yini guda: jirgi ya tsaya a tsakiyar wani lungu mai zurfin mita goma, kowa yana tsalle yana faɗawa, kunya ta hana mutum cewa bai iya ba. Ka cire wannan kunyar tun daga gida. Ka nemi rigar hana nutsewa ka sa, ka ɗaure ta tamau, kai da Hajiya, kowane lokaci. Mafi alheri ma, tunda da sauran lokaci, ku huɗun ku shiga koyon ninƙaya a gida na wata ɗaya ko biyu kafin tafiya. Ba gwaninta ake nema ba, a dai iya kwanciya rigingine a kan ruwa a huta, a iya tafiyar mita 50 ba tsayawa. Wannan kaɗai zai sauya muku hutun gaba ɗaya. Don koyo da wasa, tafkin Oludeniz da yashi ya killace ya fi ko'ina kwanciya, sai yashin Lara a gabashin Antalya. Ga Hajiya kuma, akwai bakin teku na mata zalla a Sarisu, a yammacin Antalya, wanda aka buɗe a 2014, kuma kayan iyo masu rufe jiki da suke kira hashema ana sayar da su ko'ina. Ku sayi takalmin roba na shiga ruwa saboda ƙayar teku da ke maƙale a duwatsu. Akwai kuma baƙin kifaye biyu da suka shigo daga Bahar Maliya ta mashigin Suwez: ɗaya mai ƙayoyi dogaye masu dafi kamar fuka-fukai, ɗaya kuma mai kumbura kamar talibambam, wanda namansa guba ne. A kalla da ido, kar a taɓa, kar a ci.

Wanda bai iya ruwa sosai ba yana da abu biyu masu daɗi da zai yi cikin kwanciyar hankali. Na farko kwale-kwalen roba a kwazazzabon Koprulu, wajen kilomita 90 arewa maso gabas da Antalya. Ana gangarowa kogin Koprucay tsawon kusan kilomita 14, mutum takwas zuwa goma a kwale-kwale ɗaya da jagora a baya, kowa da rigarsa da hular kwano da filafili. Igiyar ruwan matsakaiciya ce, ta isa ta sa yara ihu amma ba ta masu neman kasada ba ce. Ruwan daga maɓuɓɓugan cikin dutse yake fitowa, sanyinsa kamar na firji ko a Agusta. Idan mutum ya faɗa, ƙa'ida ɗaya ce: ya kwanta rigingine, ƙafafu su fuskanci inda ruwa ya nufa, kar ya yi ƙoƙarin tsayawa, don ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne shi. A saman inda ake farawa akwai gadar dutse da Rumawa suka gina kusan shekara 1,800 da suka wuce, a tsaye mita 27 a kan kogin, har yau ana bi ta kanta.

Na biyu, kuma wanda na fi ƙauna, shi ne ƙaramin kwale-kwalen mutum biyu, kayak, a Kekova. Ana tashi daga ƙauyen Ucagiz, tsakanin Kash da Demre. Tsibirin Kekova ya tare igiyar teku, sai ruwan ya kwanta luf kamar tafki. A gefen tsibirin akwai tsohon gari da girgizar ƙasa ta nutsar tun zamanin Rumawa. Kana tuƙi a hankali kana ganin matakalai suna gangarawa cikin ruwa, da tushen gine-gine, da fasassun tuluna a ƙarƙashinka. An hana iyo da nutso a kan wurin don kare shi, manyan jirage kuma wucewa kawai suke yi, don haka mai kayak ne ya fi kowa ganinsa da kyau. Daga nan a tsallaka zuwa Kalekoy, ƙauyen da mota ba ta shiga cikinsa, a hau ganuwarsa, a ga kabarin dutse na mutanen Likiya, tsoffin mazauna wannan gaɓa, tsaye shi kaɗai a cikin ruwa. Ku je da jagora, ku tashi da sassafe, don iska takan taso bayan azahar ta sa komowa ya yi wuya.

Nutso da tukunyar iska kuwa, cibiyarsa garin Kash ne, wanda a allunan hanya za ka ga an rubuta Kaş. Tsibirin Girka da Turkawa ke kira Meis yana gabansa, tazarar 'yan kilomita kaɗan kacal. A kusa da nan ne, a Uluburun, wani mai nutson neman soson teku ya gano jirgin ruwa a 1982 wanda ya nutse fiye da shekara 3,300 da suka wuce, ɗauke da kusan tan 10 na tagulla da tan ɗaya na kuza. Kayan suna gidan tarihi na Bodrum, amma an nutsar da kwaikwayonsa a kusa da Kash don masu nutso, haka kuma wani tsohon jirgin sama na soja. Akwai nutson gwaji na yini ɗaya, malami yana riƙe da kai, ba a wuce mita 12, galibi ma biyar ko shida ake tsayawa. Cikakken kwas na farko kwana uku zuwa huɗu ne, yana ba da izinin mita 18, kuma sai an iya ninƙaya. Shawarata gare ka da Hajiya, ku bar shi a wannan zuwan. Yaran, idan sun koyi ruwa kuma shekarunsu sun kai yadda shagon nutso ya ƙayyade, suna iya yin na gwaji. Su riƙe abu biyu: ba a riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa ko na daƙiƙa kaɗan ne yayin tasowa, saboda a zurfin mita 10 nauyin da ke kan jiki ya ninka na sama sau biyu, iskar da ke cikin huhu kuma tana kumbura idan ana hawa, sannan idan kunne ya yi zafi a tsaya a daidaita shi, kar a daure.

A nan akwai maganar da ta shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can, kuma masu shagon nutso ba lallai su tuna su tambaye ka ba: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai SS ko SC ba ya nutso da tukunya sam, kuma ruwan sanyi irin na Koprulu, da ƙishirwa, da hawa wuri mai tsayi, duk suna iya tayar masa da ciwo. Mai AS ma ya ga likita kafin tafiya ya faɗa masa abin da yake shirin yi, ya kuma kiyaye shan ruwa fiye da kowa. Haka mai asma, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko na kunne. Kai ma a shekara 46, a auna jininka da zuciyarka kafin ka ɗauki jaka ka hau dutse.

Wani tarkon da ke kama har waɗanda suka daɗe suna yawo: bayan nutso ba a hawa sama. Iskar naitirojin da ta narke a cikin jini tana buƙatar lokaci ta fita, idan aka yi saurin zuwa inda nauyin iska ya ragu sai ta zama kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi. Ƙa'idar masana ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan da yawa, mu kuwa awa 24 muke bayarwa. Kowa ya san wannan game da jirgin sama, amma ana mantawa cewa tsauni ma sama ne. Yaro ya yi nutso da safe a Kash, da yamma a kai shi Babadag, ko a hau teleferik na tsaunin Tahtali mai tsayin mita 2,365 da ke kan hanyar Antalya, to daidai yake da an saka shi a jirgi. Shi ya sa nake tsara lema da farko, nutso a tsakiya, Tahtali bayan an kwana an wuni.

Na bar tafiyar ƙafa zuwa yanzu duk da ita ce abin da ya fi komai daraja a wannan gaɓa, kuma ita ce ba ta buƙatar kuɗi. Akwai hanyar da ake kira Likya Yolu, wato Hanyar Likiya, da ta tashi daga Ovacik a saman Oludeniz ta ƙare a Geyikbayiri kusa da Antalya, fiye da kilomita 500. Wata Baturiyar Ingila mazauniyar Turkiyya, Kate Clow, ita ce ta bi tsoffin turbobin alfadarai da na makiyaya da na Rumawa ta haɗa su, aka buɗe hanyar a 1999. Alamarta fenti ne ja da fari a jikin dutse ko bishiya. Jan gicciye kuma yana nufin ba nan ba ne, koma baya. Mai son gama ta sai ya ba ta kusan wata guda, amma daɗinta shi ne ana yankar ta gunduwa-gunduwa, ƙananan bas ɗin da suke kira dolmush suna kai ka farkon yanki su ɗauke ka a ƙarshensa.

Ga iyali irin naka ga waɗanda zan zaɓa. Daga Kayakoy zuwa Oludeniz, awa biyu zuwa uku: Kayakoy gari ne na ɗaruruwan gidajen dutse da ya zama kufai bayan musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka a 1923, ka ratsa ta cikinsa ka haura tudu sai ga teku a ƙasa. Daga Faralya zuwa Kabak, kusan awa uku a kan gefen tsauni, teku na hannun dama. A Faralya za ku leƙa Kwarin Malam-buɗe-littafi daga sama; akwai wata turba da ke sauka cikinsa da igiyoyi, ina roƙonka kar ku bi ta, ta ci rayuka, mai son kwarin ya shiga ta jirgin ruwa. Sai Patara, inda majalisar tarayyar biranen Likiya take zama a da, ga kangon gari ga yashi mai tsawon kilomita 18. Ana rufe bakin tekun da dare a watannin zafi saboda kunkurun teku da ke fitowa yin ƙwai. Na ƙarshe Cirali: bayan magariba ku ɗauki tocila ku hau matakalan dutse na wajen rabin awa zuwa Yanartash, inda wuta ke fitowa daga ramukan dutse tana ci ba itace ba mai, iskar gas ce ke tsattsafowa daga ƙasa, kuma marubutan zamanin da sun ambace ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ban taɓa kai yaro wurin ya dawo bai yi shiru yana tunani ba.

Hanyar ba lambu ba ce. Dutsen farar ƙasa ne mai kaifi da tsakuwa mai zamewa, kilomita 10 a nan ya fi 20 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu wahala, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa. Takalmi mai tauri wanda aka riga aka saba da shi, don sabo bororo zai yi maka tun ranar farko. Lita uku na ruwa ga kowane mutum, da ƙunshin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara. Za ku ga tsoffin rijiyoyin tara ruwan sama masu ƙubba a hanya, kar ku dogara da su, wasu sun ƙafe wasu sun gurɓace. Famfon masallacin ƙauye shi ne abin dogaro, kusan kowane ƙauye da nasa, a buɗe, ku yi alwala ku cika gora. Ku lura alƙibla a can ba gabas take ba kamar a gida, kudu ce da ɗan karkata zuwa gabas. Idan kun haɗu da garken awaki da manyan karnukan makiyaya, ku tsaya, kar kowa ya ruga, ku kewaye garken daga nesa ku ɗaga murya mai shi ya ji. A sauke taswirar hanya a waya tun a masauki don sabis yakan ɗauke, a gaya wa mai masauki inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar neman agaji 112 ce. A ƙauyukan akwai ƙananan masaukai na iyali da suke kira pansiyon, da mata masu gasa gozleme, wata siririyar waina mai cuku ko alayyafo, a kora da ayran, wanda ɗan'uwan nonon da ka sani ne sai dai da gishiri.

Hawan dutse da igiya ma akwai, a Geyikbayiri, wajen kilomita 25 daga Antalya, inda aka kafa hanyoyi sama da 1,000 a jikin dutse, kuma ana koyar da sabon shiga na rabin yini. Lokacinsa daga wajen Oktoba zuwa Mayu ne, ba tsakiyar zafi ba. Kwazazzabon Saklikent da ke tsakanin Fethiye da Kash, mai tsawon kilomita 18 da bango mai tsayin mita 300, wuri ne mai sanyi da za a ratsa ruwa da ƙafa, amma idan an yi ruwan sama a kan tsaunuka ko hadari ya haɗu, kar a shiga, ambaliya ba ta sallama.

Da ni ne zan tsara muku kwana goman, daga Istanbul sai ku sauka a filin jirgin Dalaman maimakon Antalya, ku fita ta Antalya, don kar ku maimaita hanya. Kwana uku a Oludeniz: ranar farko hutu da tafkin, ta biyu lema, ta uku Kayakoy ko Faralya, kuma ita ce ranar ko-ta-kwana idan iska ta hana tashi. Kwana uku a Kash, a biya ta Saklikent da Patara a hanya, rana guda Kekova, rana guda nutson yara. Kwana biyu a Cirali don Yanartash da kangon tsoffin biranen Olimpos da Faselis, Tahtali kuma a ranar barin garin. Kwana biyu na ƙarshe a Antalya, ɗaya na Koprulu, ɗaya na Hajiya a Sarisu da tsohon gari. Kar a jera manyan abubuwa biyu a rana ɗaya, gajiya ce ke kawo targaɗe da kuskure.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka buɗe takardar inshorar tafiyarku ka karanta sashen abubuwan da ba ta ɗauka. Yawancin na gama-gari sun cire shawagi da lema da nutso da tukunya da hawan dutse da igiya, sai an ƙara kuɗi an sa su da suna, kuma asibitocin kuɗi na wannan gaɓa suna da tsada ƙwarai ga baƙo. Ka sa a rubuta sunan kowane wasa a cikin takardar, na ku huɗun duka. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya da yaran.